Shuɗin Kwanon Inna

Baba Inci ya yi shekara arba'in da ɗaya yana yankan gilashin tagogi kafin ya miƙa wa ɗan wansa makullin shago. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. In mutum ya zo a gigice ya ce ƙwallo ta fasa masa taga, ba ya tambaya ko wani ya ji ciwo. Sai ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya ce, "Inci nawa?" Tun ana faɗa a bayan idonsa har aka koma faɗa a gabansa, da jikoki suka zo suka tarar da sunan sai suka ɗora masa Baba a gaba.

Dogo ne, marar yawan magana, mai tafiya kamar kullum yana ɗauke da abin da zai iya fashewa. Hannuwansa duk tabo ne, sirara, wasu a kan wasu. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekara talatin da ta yi tana koyarwa a firamare, takan ce tana iya karanta tarihin aurensu a tafin hannunsa: wannan na shekarar da ta tare ne, wannan na watan da aka haifi babbar 'yarsu, wannan kuwa na ranar da ya yi gardamar cewa shi ba ya bukatar safar hannu.

Watannin farko bayan ya bar shago sun yi wa gidan tsawo. Ya auna tagogin gidan kaf, ya gano biyu sun karkace da rabin inci, ya kuma faɗa wa Malama haka sau uku a yini ɗaya. Ita ta kai ƙararsa wurin 'yarsu a waya. Bayan sati biyu sai ga kwali ya iso. A ciki akwai wata 'yar ganga ta baƙar roba, ba ta wuce babban gwangwanin madara ba, tana kwance a kan sandunan ƙarfe biyu, da ƙaramin inji mai juya ta a hankali. Takardar da ke ciki ta ce na'urar gugar duwatsu ce. Baba Inci ya ce shi ba ruwansa da dutse, dutse bai taɓa yi masa komai ba. Ya fita bayan gida ya tsinto fasasshiyar kwalba.

Da ɓarna ya koyi aikin, kamar yadda ya koyi na farko. Zubin farko ya sa gilashi kaɗan, gutsattsarin suka yi ta dukan juna har suka koma tsakuwa. Daga baya ya gane ƙa'idar. Ana cika gangar kashi biyu cikin uku, a zuba ruwa ya kusa rufe gilashin, a sa cokali biyu na garin guga mai kaushi, wani baƙin gari mai nauyi kamar yashi. A rufe, a kunna, a bar ta kwana bakwai. A rana ta bakwai a juye a rariya, a wanke komai har da tsohon buroshin haƙori, domin ƙwaya ɗaya ta gari mai kaushi in ta maƙale za ta karce aikin sati na gaba. Sai a koma da gari matsakaici, sannan mai laushi, daga ƙarshe wani farin gari kamar hoda mai fito da sheƙi. Sati huɗu ke nan. Lakar da ke fitowa ba a zuba ta a magudana, don takan daskare kamar siminti. A gindin katanga yake juye ta.

Yana da doka guda. Gilashi yakan tara iska a cikin ganga, saboda haka kowace safiya yakan tsayar da injin ya ɗan sassauta murfin iskar ta fita, amma ba ya leƙawa. Yakan ce leƙe ba ya ƙara wa tukunya wuta.

Na'urar tana barandar baya, tana gunguni safe da yamma. Malama ta sa mata suna Gwaggo, wai haka wata gwaggonta take, ta yini tana mita ba mai amsa mata. Mai askin da ke kallon ƙofar gidansu shi ma bai bar abin ya wuce shi ba.

"Baba Inci, an ce mai haƙuri kan dafa dutse, kai kuma kwalba kake dafawa. Yaushe za a kira mu shan romo?"

"Ka fara koyon aski tukuna."

"To in sun nuna me ake yi da su?"

"Ba komai."

Gaskiya ya faɗa. Ba ya sayarwa, ba ya yin sarƙa ko abin wuya da su. Yakan jera su a kwalaben zuma a kan taga, kore da kore, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa, farare sun fi yawa. Da 'yarsa ta matsa masa da tambaya sai ya ce shekara arba'in gilashi na cizonsa, yanzu shi ne yake cire masa haƙora.

A hankali unguwa ta san da zancen. Duk wanda ya fasa kofi ko kwalbar turare sai ya tattara a gwangwani ya ajiye a kan bencin da ke ƙofar gidan, ba sallama ba bayani. Ba wanda ya kafa wannan tsari, haka kawai ya zauna: gwangwanin da ke kan benci na Baba Inci ne.

Wata Talata da hantsi ya dawo daga shagon ɗan wansa, inda yakan je ya zauna a kujera ya ga ana yanka gilashi ba yadda shi zai yanka ba. Ya tarar da gwangwani a kan benci, da murfinsa. Da ya buɗe sai ya ga an naɗe kowane gutsure daban a takardar jarida. Ya kamata wannan ya tsayar da shi, don ba mai naɗe abin da ya zubar. Shi dai ya ce a ransa yau an samu mai hankali. Ya warware ɗaya ya ɗaga shi a rana. Shuɗi ne mai zurfi kamar ruwan bula, kaurinsa ya kai kwatan inci, da 'yan kumfa ƙanana a ciki irin na tsohon gilashi, da zanen ganye da ya taso a bayansa. Shekara biyu yana neman shuɗi bai samu abin kirki ba. Kuma gangar tana zaune ba komai tun jiya.

Ya wuce baranda kai tsaye. Manyan gutsattsarin ba sa juyawa da kyau, don haka ya naɗe su a tsohon buhu ya ɗan sa musu guduma, kamar yadda ya saba. Ya cike gurbin da fararen gutsattsarin taga, ya zuba ruwa da gari, ya rufe. Gwaggo ta kama mita.

A kwana biyun da suka biyo baya Malama ta canza. Ta tambaye shi ƙarfe nawa motar shara ta wuce ranar Talata, ya ce bai lura ba. Ta zuba abinci ta tashi ta bar nata. Ya gan ta sau biyu a ƙofar gida tana duba ƙarƙashin benci. Ya tambaye ta ko jikin ne, ta ce yatsun ne kawai, sun saba. Bai ƙara tambaya ba, don a zamansu in ɗaya ya ce ba komai, ɗayan yakan bar shi da ba komai ɗinsa.

A rana ta uku da safe ya ɗauki tsumma zai goge ƙofar kabad ɗin falo. Shi ya yanka gilashin ƙofar da hannunsa, kuma shi yake goge ta, don ba ya yarda da gugar kowa. Yana cikin neman tabon yatsa a gilashin sai idonsa ya zarce ciki. A kan shiryayye na sama, tsakanin kofuna, akwai da'ira mai tsabta a cikin 'yar ƙura, faɗinta kamar inci biyar.

Nan kwanon Inna yake zama. Inna ita ce mahaifiyar Malama, kuma kwanon shi ne abin da ya rage na kayan ɗakinta. Da ta rasu shekara goma sha tara da suka wuce, 'ya'yanta mata biyu suka rasa yadda za su raba shi. Ƙaramar, wadda har ta yi furfura ana ce mata Auta, ta ce Yaya ta riƙe, tunda gidanta ba yara masu guje-guje. Amma duk Asabar ɗin farkon wata in ta zo, kafin ta zauna sai ta tsaya gaban kabad ɗin ta dube shi, kamar mai gaida babba. Asabar ɗin kuwa gobe ce.

Baba Inci ya daɗe a tsaye da tsumma a hannu. Ya yi ƙoƙarin tuna kamannin kwanon. Ya san shuɗi ne. Bai taɓa sanin yana da zanen ganye ba.

Ya lissafa abin a ransa kamar yadda yake lissafa awo. Malama na zaton motar shara ce ta tafi da shi. In ya yi shiru, zai iya juye gangar a gindin katanga, magana ta mutu. Ya tsaya a kan wannan tunanin kamar minti ɗaya, bai fi ba. Sannan ya je baranda ya kashe injin, ya karya dokarsa. Ya juye gangar a rariya, ya sakar mata ruwa. Lakar ta wanke, shuɗin ya fito. Kwana uku na gari mai kaushi sun gama aikinsu. Ba sauran kaifi ko ɗaya, kowane baki ya lanƙwashe, fuskar gilashin ta dushe kamar an shafa mata gishiri.

"Malama, zo ki ga wani abu."

"In taga ce ta karkace, ka bar ta haka."

"Ba taga ba ce."

Ta fito tana goge hannu. Ta dubi rariyar, ta dube shi, ta sake duban rariyar. Ta ɗauki gutsure biyu ta haɗa bakinsu, suka zame wa juna kamar sabulai. Ta gwada wasu biyun. Ta ajiye.

"A kan benci na same shi," in ji shi.

"Na sani. Ni na ajiye." Ta zauna a kan kujerar roba. "Ranar Litinin ya suɓuce mini ina gogewa. An ce mini akwai wata mata a bayan kasuwa mai liƙa tangaran. Washegari na fito zan kai mata, na tuna na bar tabarau, na koma. 'Yarka ta kira waya, ka san ta da magana. Na fito ba gwangwani."

"Me ya hana ki ba ni in liƙa?"

"Kai? Kai da ka shekara arba'in kana ce wa mutane gilashin da aka liƙa ƙarya ce a tsaye?"

Ya faɗi haka, sau da yawa ma. Bai musa ba.

Ta sa yatsa tana ƙirgawa, irin ƙirgar da take yi wa yara a layi. "Goma sha ɗaya na naɗe. Nan na ga sha shida."

"Sha bakwai ne. Ɗaya ya maƙale a murfi."

"Haihuwa suka yi a ciki?"

"Manyan ba sa juyawa. Na sa musu guduma."

Malama ta rufe ido. Ya jira ta yi faɗa, ya ma fi son ta yi. Da ta buɗe sai ta ce, "Shekara goma sha tara kana goge ƙofar nan, Malam. Kai gilashin kake kallo, ba abin da ke bayansa ba."

"Ni zan faɗa wa Auta."

"A'a. Ni na fasa, kai ƙarasawa ka yi. Kowa ya ɗauki nasa." Ta miƙe, ta dubi rariyar. "Waɗannan kuma haka za ka bar su? Ba su zama kwano ba, ba su zama komai ba."

"Sai yadda kika ce."

"Mayar da su. Tunda ba za su koma baya ba, su yi gaba."

Washegari Auta ta iso da hantsi, da jakarta da tsokanarta. Tun daga ƙofa take cewa, "Mijin Yaya, har yanzu kana nan kana kiwon kwalabe? Sun fara ƙwai?" Ta shiga falo ta nufi kabad, ta tsaya. Malama ta faɗa mata komai a tsaye, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Baba Inci ya faɗi nasa, har da gudumar.

Auta ba ta ɗaga murya ba. Ta saurari gungunin da ke fitowa daga baranda na ɗan lokaci.

"Shi ne wancan?"

"Shi ne," in ji Malama.

"Fashewa ba komai ba ce, Yaya. Komai na fashewa. Amma da kin kira ni ranar, da mun tsince shi tare. Ni ma uwata ce." Ta ɗauki jakarta. Shayin da aka zuba mata yana nan yana huci. A bakin ƙofa ta ce, "Sai an jima, Malam." Tun da ya auri yayarta ba ta taɓa kiransa Malam ba.

Sati ya wuce ba ta kira ba. Malama ta kira sau biyu, aka gaisa a taƙaice aka ajiye. Daga nan ta bar wayar a kan tebur, in ta wuce ta dube ta.

Baba Inci bai iya ba da haƙuri da baki ba, bai kuma iya shiga tsakanin ya da ƙanwa ba. Abin da ya iya shi ya yi. A rana ta bakwai ya ware gutsattsarin gindin kwanon, inda zanen ganyen bai gama shafewa ba, ya ajiye su gefe, suka tsallake gari matsakaici don kada zanen ya tafi duka. Ya yayyanka tsohon silifa ƙanana ya zuba a gangar ya zama matashi tsakanin gilashi da gilashi. Duk sati yana ƙirgawa. A sati na biyu ya samu sha shida. Ƙaramin cikinsu ya ɓace. Ya ɗauko matatar shayi daga kicin ya tace lakar cokali-cokali, har rana ta take, sai ga shi, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Ya sa shi a kwalin ashana.

Mai aski ya leƙo ta katanga ya ce, "Yau kuma zinariya ake nema?" Da ya gaji da leƙe sai ya koma shagonsa.

Ran da sati huɗu suka cika, Baba Inci ya wanke su ya shanya a kan farin tawul. Sun yi santsi, sun yi sheƙi, shuɗin ya fi na da fitowa. Huɗu daga ciki suna ɗauke da inuwar ganye, sai an juya su a haske ake gani. Ya kira Malama. Ta daɗe tana kallo ba ta ce sun yi kyau ba. Ta raba su gida biyu, takwas da takwas, masu ganye biyu a kowane ɓangare. Ta ƙulle kashi ɗaya a hankici, ta ɗora kwalin ashanar a kai.

"Kai za ka kai mata."

"Me zan ce?"

"Kada ka ce komai. Ai ka iya."

Ya shiga motar haya da safe, hankicin a aljihun gaba, hannunsa a kai. Auta tela ce, shagonta ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Ya same ta a kan keke tana ɗinkin labule. Ta amsa sallamarsa ba ta tsayar da ƙafa ba. Ya ajiye hankicin a gefen keken ya zauna a benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Sai da ta kai ƙarshen layin ɗinkin ta yanke zare sannan ta kwance ƙullin. Ta dube su. Ta ɗauki ɗaya mai ganye, ta juya shi wajen ƙofa, ta shafa shi da babban yatsa. Ta rufe hannu a kansa.

"Ka san Inna ba ta taɓa bari mun taɓa kwanon nan ba?" in ji ta, ba ta dube shi ba. "A saman kabad yake. In ta sauko da shi sai ta ce mu sa hannu a baya. Da ya koma gidanku ma, ta bayan gilashi nake ganinsa. Shekarata sittin da biyu, yau na fara riƙe shi."



Ta buɗe kwalin ashanar, ta karkata shi. "Wannan fa?"

"Shi ma a ciki yake. Ya kusa tafiya."

Ta rufe kwalin a hankali ta sa a aljihun keke, inda take ajiye allurai. Ta jera sauran a kan labulen tana ƙirgawa.

"Takwas. Yaya nawa ta ɗauka?"

"Takwas."

"Ita ta ƙirga ko kai?"

"Ita."

"To daidai ne." Ta mayar da sauran cikin hankicin. "Ka ce mata ina nan tafe Asabar. Kuma ka ce mata in ta sake fasa wani abu ta kira ni kafin ta nemi gwangwani."

"Zan faɗa."

Ya miƙe zai tafi. Ta ɗaga mai ganyen tsakanin yatsu biyu, ta kanne ido ɗaya.

"Mijin Yaya, wannan inci nawa ne?"

Ya san tsokana ce. Duk da haka ya zaro tef ɗin daga aljihu, ya karɓi gilashin, ya auna tsawo ya auna faɗi.

"Ɗaya da kwata," in ji shi. "Da ya kai ɗaya da rabi."

Ta karɓe abinta ta mayar cikin tafin hannu, ta ɗora ƙafa a kan keke.